Goro, Shayi da Faɗuwar Gaba

Mutane da yawa suna zuwa asibiti ko wajen mai maganin gargajiya da koke iri ɗaya: gabana yana faɗuwa ba gaira ba dalili, zuciyata tana dukan uku-uku, hannuna yana rawa, idan na kwanta tunani ya hana ni runtsawa. Wani a ce masa hawan jini ne, wani a ce iska ce ta taɓa shi, wani kuma ya shiga zargin maƙiya. Da wuya a samu wanda zai tambaye shi me ya ci, me ya sha tun wayewar gari. Alhali sau da yawa amsar tana cikin aljihunsa, ko a teburin mai shayin unguwarsu.

Sinadarin da ake kira kafeyin shi ne ke sa goro ya kori gyangyaɗi. Yana cikin kofi, da ganyen shayi baƙi da kore, da lemon kwalba irin su Coca-Cola, da lemukan ƙara kuzari da matasa suka runguma. Har cikin wasu magungunan ciwon kai akwai shi: kowace ƙwayar Panadol Extra tana ɗauke da miligiram 65. Kofin kofi da aka dafa yana da wajen miligiram 95, kofin baƙin shayi 40 zuwa 50, ƙaramin gwangwanin Red Bull 80, wasu manyan gwangwanaye masu rabin lita kuwa har 160. Goron da muke rabawa a ɗaurin aure da suna, idan aka auna shi nauyi da nauyi, bai gaza ƙwayar kofi ƙarfi ba.

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka da takwararta ta Tarayyar Turai sun yi ittifaki cewa miligiram 400 a yini shi ne iyakar da baligi mai lafiya zai sha ba tare da fargabar illa ba. Mai juna biyu kuwa, hukumar ta Turai ta ce kada ta wuce 200. To a duba direban dogon zango: ya karya da haɗin kauri an zuba masa Nescafé cokali biyu, ya jefa ɓarin goro a baki kafin hantsi, ya ƙara wani bayan azahar, da la'asar ya fasa babban gwangwani, kai ya sara masa ya tsaya kemis ya haɗiyi ƙwaya biyu. Haka ɗan fada a Damagaram ko Maraɗi da ke zaune gaban buta a kan gawayi, zagaye na ɗaya mai ɗaci, na biyu, na uku, har dare ya raba. Babu ɗayansu da yake ganin ya sha wani abu mai yawa, domin kowanne kaɗan-kaɗan ya shiga.

Ba kuzari yake bayarwa ba

Tun daga lokacin da mutum ya farka, wani sinadari mai suna adenosin yake taruwa a ƙwaƙwalwarsa. Shi ne ke sanar da jiki cewa an gaji, a je a kwanta. Kafeyin yana zuwa ya tare gurbin da adenosin yake zama, sai saƙon gajiya ya kasa isa. Gajiyar tana nan, ji ne kawai aka daina yi. Wato bashi aka ci daga barcin dare, kuma da zarar ƙarfin kafeyin ya sauka za a biya da kasala da ciwon kai.

A lokaci guda yana zaburar da jiki ya saki adirenalin, sinadarin da ke kwarara a jini idan mutum ya firgita. Zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya yi sama-sama, tafin hannu ya jiƙe da gumi, ciki ya murɗa. Alamomin tsoro ke nan sak. Mai natsuwa zai iya jin su ya wuce abinsa. Wanda dama yake fama da zullumi kuwa, da ya ji ƙirjinsa na bugawa sai ya ɗauka wani mugun abu ne ke tafe, tsoron ya ƙara wa zuciyar gudu, gudun ya ƙara masa tsoro. Bincike a kan masu lalurar firgita ta farat ɗaya ya nuna cewa idan aka ba su kafeyin daidai da kofi biyar a tashi ɗaya, wajen rabinsu ciwon yana tasowa, alhali da wuya hakan ya faru ga masu lafiya. Littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suke aiki da shi, bugun 2013, ya lissafa fargabar da kafeyin ke haddasawa a cikin lalurorin da aka sani.

Sai kuma barci. Jiki yakan ɗauki kimanin awa biyar kafin ya fitar da rabin abin da aka sha. Wanda ya sha miligiram 160 da ƙarfe huɗu na yamma, ƙarfe tara na dare akwai sauran 80 a jininsa. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2013 ya gano cewa miligiram 400 da aka sha awa shida kafin kwanciya ya rage barci da fiye da awa ɗaya. Wanda bai yi barci ba ya tashi da ɓacin rai da kasala, ya nemi abin da zai buɗe masa ido, gobe ma haka.

Kada a ce ai wane yana cin goro har tsakar dare kuma yana munshari. Hantar kowa da saurin aikinta wajen fitar da kafeyin, abin gado ne. A ƙarshen goyon ciki kafeyin yana daɗewa a jiki ninki biyu ko uku, ƙwayoyin tazarar haihuwa ma suna tsawaita zamansa. Haka maganin siprofulokzasin da ake yawan bayarwa don taifot: mai shan sa zai iya jin shayin da ya saba ya kayar masa da gaba.

Rage shi a hankali

Wanda ya saba, idan ya yanke lokaci guda, ciwon kai da jin haushi sukan far masa cikin awa 12 zuwa 24, su kai kwana biyu zuwa tara. Masu cin goro sun san wannan a farkon azumin Ramadan. Dabarar ita ce a rage sannu-sannu cikin mako biyu ko uku: cokali biyu ya koma ɗaya, goro guda ya koma ɓari, bayan azahar kuma a rufe babin. Shayin citta da kanumfari, ko na lemun tsami da na'ana'a, ba su da kafeyin muddin ba a jefa ganyen shayi ba. Yara da 'yan makaranta kuwa, likitocin yara sun yi gargaɗin a nisanta su da lemukan ƙara kuzari baki ɗaya.

Ina kuzarin gaskiya yake?

Na farko barci ne, awa bakwai ko fiye ga baligi, a kan lokaci ɗaya kullum, waya kuma a ajiye ta nesa da shimfiɗa. Ƙailular minti 20 tana wartsakar da mutum ba tare da ta ɓata barcin dare ba. Fita cikin hasken safiya yana daidaita lokacin barci da na farkawa. A zafin bazara, kasalar rana sau da yawa ƙishirwa ce, ruwa take so. Motsa jiki ma yana aiki nan take: a Jami'ar Jojiya ta Amurka an gwada 'yan matan da ba sa samun isasshen barci, aka ga hawa da saukar bene na minti 10 ya fi miligiram 50 na kafeyin sa su jin karsashi.

Abinci kuma a nemi mai riƙe ciki, irin su ƙosai da koko, ɗanwake, fura da nono, ƙwai da gyaɗa, maimakon burodi da shayi mai sukari da yawa. Ƙarancin jini yana cikin manyan dalilan gajiya, musamman ga mata, kuma shan shayi a kan abinci yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe. A bar tazarar awa guda tsakaninsu, a yawaita hanta, wake, zogale da alayyahu, a haɗa da lemo ko gwaiba.

Wanda ya rage kafeyin na mako biyu zuwa uku amma faɗuwar gaba ko gajiya ba su sassauta ba, ya je asibiti a auna jininsa da sukarinsa, a duba zazzaɓin cizon sauro da ƙwayar tayirod da ke gaban wuya. Ya faɗa wa likita gaskiyar yawan goro, shayi da lemon da yake sha. Fargaba lalura ce da ake warkewa, ba abin kunya ba ce. Idan kuwa bugun zuciyar ya zo da ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ko suma, wannan ba na jira ba ne, a garzaya asibiti nan take.