Ko Ruwan Shayi Zai Kare Kajinki Daga Murar Tsuntsaye?

Mun san a ƙasar Gobir, daga Sabon Birni har Isa, kaza ita ce asusun mace. Da ita ake ɗinkin Sallah, da ita ake tara kwanonin ɗiya. Shi ya sa in ciwo ya shiga akurki kowace mace ke da nata maganin: wata ta jiƙa sassaƙen maɗaci, wata barkono. Yanzu kuma ga maganar ganyen shayi, irin koren nan da samari ke dafawa a 'yar buta.

Maganar tana da tushe. A cikin koren ganyen akwai wani sinadari, shi ne ke sa shayi ɗaure baki. A shekarar 2005 masana a Koriya ta Kudu sun nuna cewa yana hana ƙwayar cutar mura yaɗuwa, watau yana tare ta kafin ta kama ƙwayoyin jiki. Amma a ɗakin gwaji aka yi wannan. A 2012 wasu masanan ƙasar suka haɗa abin da aka tato daga ragowar ganyen cikin abincin kaji, cutar ta ragu a jikinsu. Sai dai da mura mai sauƙi aka gwada. Wadda ke share akurki cikin kwana biyu, ba dusar butar maigida ce za ta tsai da ita ba.

Wannan muguwar, H5N1, ta fara bayyana a Afirka ne a Fabrairun 2006, a wata gona a Jaji, Jihar Kaduna. Kafin watan ya ƙare an same ta a Magariya, cikin Nijar. Kin ga iyaka ba ta hana ta wucewa, balle ku da Maraɗi ke maƙwabtaka. A 2007 ta kashe wata mata a Ikko, ta kuma dawo Kano a 2015.

To, ga abin da za ki lura da shi. In kin ga kan kaza ya kumbura, zankonta ya yi shuɗi, ko kin wayi gari uku huɗu sun mutu ba jinya, kada ki yanka sauran, kada kuma ki aika da su kasuwa. Wajen yanka da figa ne mutum ya fi kamuwa. A haƙa rami mai zurfi a binne, a hana yara taɓawa, ki wanke hannu da sabulu, maigida ya sanar da malamin dabbobi.

Sabuwar kaza da aka sayo kuwa, ki ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin naki. Agwagi ma ki yi hattara da su, musamman masu zuwa fadamar Rima inda tsuntsayen daji ke sauka, don agwagwa kan ɗauki cutar tana kiwonta lafiya lau. Nama da ƙwai in sun dahu sosai, zafin wuta ya kashe ƙwayar.