Injiniyan Na'urorin Tsaro: Kafawa Somin Taɓi Ce, Kulawa Ce Aikin

Duk wanda ya shiga banki ko babban kanti a Legas ko Kano ko Fatakwal zai ga ƙananan na'urorin ɗaukar hoto maƙale a bango. Amma kaɗan ne ke tuna mutumin da ya kafa su, watau injiniyan na'urorin tsaro.

Wannan sana'a ta daɗe, domin tun a shekarar 1853 wani Ba'amurke mai suna Augustus Pope ya sami takardar mallakar ƙararrawar tona asirin ɓarawo mai aiki da lantarki. A yau maganaɗisu ake liƙa wa ƙofa, a sa ɗan makunni a jikin dogarinta, da zarar an buɗe sai ƙararrawa ta ɗauka.

Kafin injiniya ya ja waya ko ɗaya, sai ya zagaya ginin ya san mashiga da mafita. Na'urar da ke gane motsi ɗumin jikin mutum take ji, saboda haka in aka sa ta tana duban tagar da rana ke bugu, sai ta riƙa kururuwar banza har masu gida su gaji su kashe ta. Wayar da ke kai hoto kwamfuta kuwa ba a so ta zarce mita 100.

To, amma babban aikin sai bayan an gama kafawa. Ƙurar hunturu tana rufe gilashin na'ura, tsawar damina tana ƙona ta, ga kuma yawan ɗauke wuta. Batirin da ke riƙe ƙararrawa in wuta ta tafi yakan yi shekara 3 zuwa 5, amma zafi na cin sa: in zafin ɗaki ya kai digiri 35 maimakon 25, kwanansa yakan ragu da kusan rabi. Akwatin ajiyar hotuna ma yana iya mutuwa shiru, ba wanda zai sani sai ranar da aka yi sata.

Darasin Abuja ya ishe mu. A 2010 Gwamnatin Tarayya ta ba wani kamfanin ƙasar Sin kwangilar dala miliyan 470 ta shirin sadarwar tsaro, har da kafa irin waɗannan na'urori a titunan Abuja da Legas. Ba a daɗe ba aka ga da yawansu ba sa aiki, har Majalisar Wakilai ta shiga bincike.

Saboda haka mai sayen na'ura ya ƙulla yarjejeniyar dubawa a kai a kai tun ranar farko, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Ya kuma nemi injiniya mai rajista da COREN, hukumar da aka kafa a 1970 don sa ido kan aikin injiniyoyi. Matasan da ke sha'awar sana'ar kuwa su sani, wanda ya kafa na'ura ya san sirrin gida duka, don haka riƙon amana shi ne jarinsa na farko.