Nawar Kwamfuta Wajen Rufewa: Dalilai da Magani

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana abin da kan sa kwamfuta mai aiki da Windows ta yi nawa idan an umurce ta da ta rufe, ko idan mai amfani da ita ya so fita daga shafinsa. Lamarin ya shafi ɗalibai ƙwarai, domin da yawa idan suka gaji da jira sai su danne maɓallin wuta, ta haka kuwa a kan yi asarar kundin bincike sukutum.

Da farko dai, ya kamata mai karatu ya san cewa rufe kwamfuta aiki ne mai matakai. Windows kan aika wa kowace manhaja saƙo cewa ta adana aikinta ta tsaya, sa'an nan ta dakatar da ma'aikatan ɓoye, watau ƙananan manhajojin da ke aiki ba tare da an gan su ba. Idan ɗaya ta ƙi amsawa, sai a jira ta. A Windows XP, wadda ta fito a 2001, jiran kan kai daƙiƙa 20, a Windows 10 kuwa daƙiƙa 5 ne.

Dalili na biyu shi ne fayil ɗin NTUSER.DAT, inda ake ajiye saitunan kowane mutum. Wajen fita, dole a saki wannan fayil, to idan wata manhaja, alal misali ta rigakafin ƙwayar cuta, ta riƙe shi, sai fita ta yi wuya. Saboda wannan ne kamfanin Microsoft ya fitar da UPHClean domin XP, daga baya ya shigar da aikinta cikin Windows Vista. A ofisoshin da ke ajiye bayanan ma'aikata a babbar kwamfuta guda kuwa, sai an kwafe su can kafin a fita, saboda haka yawan kaya kan jawo jinkiri.

Na uku, akwai saitin ClearPageFileAtShutdown. Idan an sa shi a kan 1, Windows za ta shafe fayil ɗin da take amfani da shi a matsayin ƙarin ƙwaƙwalwa duk lokacin rufewa, abin da kan ci mintoci a tsohon faifai mai juyawa. Har ila yau, sababbin gyare-gyaren da aka sauko da su ta intanet sau da yawa a lokacin rufewa ake ɗora su.

Dangane da magani, abin da ya fi shi ne a fara gano mai laifin. A cikin Event Viewer, ƙarƙashin Diagnostics-Performance, lamba 200 na nuna tsawon lokacin da rufewa ta ɗauka, lamba 203 kuma na ambaton ma'aikacin ɓoyen da ya jawo jinkiri. Haka kuma, ta hanyar msconfig ana iya kashe duk waɗanda ba na Microsoft ba, a riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya har a kama wanda ke da alhaki, sa'an nan a sabunta shi ko a cire shi.

Wasu kan rage lokacin jiran nan domin neman sauri. Wannan ganganci ne, domin manhajar da aka katse tana tsakar rubutu kan bar fayil a lalace. Hausawa dai sun ce sauri ya haifi nawa.