Lambun Sarki Ya Zama Na Kowa

A birnin Xi'an na ƙasar Sin akwai wani wurin shan iska da ake kira Lambun Furong. An buɗe shi a shekarar 2005. Filinsa ya kai wajen kadada 66, kusan sulusinsa kuwa ruwa ne. In mun shiga za mu ga tafki da gadoji da wani dogon bene mai suna Ziyun, har mu zaci gine-ginen dā ne. A'a, sababbi ne. An kwaikwayi lambun sarakunan daular Tang ne, waɗanda suka yi mulki daga 618 zuwa 907, lokacin ana kiran birnin Chang'an.

Lambun na asali na sarki ne da fadawansa. Sarki Xuanzong ma sa wa ya yi aka gina masa hanya tsakanin ganuwa biyu, daga fada har lambun, don kada talakawa su ga wucewarsa. Da daular ta faɗi, lambun ya zama kufai.

Yau manomi da ɗan makaranta suna yawo a sabon lambun, ba dogarin da zai kore su. Mu riƙe wannan, 'yan'uwa: duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.