Yadda mawaƙa masu zaman kansu ke shirya bidiyo da kuɗi kaɗan

A shekarar 2007, wani rukunin mawaƙa huɗu na ƙasar Amurka mai suna OK Go ya lashe lambar yabo ta Grammy a fannin gajeren bidiyon waƙa. Sun samu wannan nasara ce da faifan da suka ɗauka da kyamara ɗaya tak, a cikin gidan 'yar'uwar jagoransu, ba tare da sanin kamfanin da suke ƙarƙashinsa ba.

Tun daga wancan lokaci ake kafa misali da su a duk sa'ad da aka tayar da batun ko mawaƙan da ba su da wani babban kamfani a bayansu za su iya gogayya da masu hannu da shuni. Labarin nasu ya nuna abin da ƙaramin jari zai iya yi, ya kuma nuna iyakarsa.

Zamanin manyan kamfanoni

Bidiyon waƙa ya zama babbar harka ne bayan da gidan talabijin na MTV ya fara watsa shirye-shirye a ranar 1 ga watan Agustan 1981. Nan da nan kamfanonin faya-fayai suka fahimci cewa waƙar da aka nuna bidiyonta a tashar ta fi saurin shiga kasuwa, don haka suka shiga rige-rigen kashe kuɗi.

Bidiyon Thriller na Michael Jackson, wanda ya fito a 1983, ya ci kimanin dala dubu 500. An kuma ruwaito cewa na Scream, wanda ya yi tare da ƙanwarsa Janet a 1995, ya laƙume dala miliyan 7.

Sai dai kuɗin ba kyauta ba ne. A bisa al'adar yarjejeniyoyin wannan sana'a, kamfani ne ke biyan darakta da ma'aikata da hayar kayan aiki, daga baya kuma ya cire wani kaso na abin da ya kashe daga rabon da mawaƙi ke samu a cinikin faifansa. Ke nan mawaƙi kan ci bashi ne domin ya tallata hajar da kamfani ya mallaka. Wanda kuwa ba shi da kamfani, da wuya ya samu kuɗin ɗauka, kuma ko ya ɗauka, da wuya tashar talabijin ta karɓa.

Duk da haka an samu waɗanda suka kauce wa wannan hanya tun kafin zuwan shafukan bidiyo na intanet. A 1999, bidiyon Praise You na makaɗin Ingila Fatboy Slim, wanda darakta Spike Jonze ya ɗauka a bakin wani gidan silima a birnin Los Angeles ba tare da neman izini ba, ya lashe lambobin yabo uku na MTV. An ce dala 800 kacal aka kashe a kansa.

Daga bayan gida zuwa idon duniya

An kafa OK Go a birnin Chicago a 1998, kuma daga bisani suka ƙulla yarjejeniya da kamfanin Capitol, wanda a lokacin reshe ne na kamfanin EMI na Ingila.

A 2005, shekarar da aka buɗe shafin YouTube, suka ari kyamara suka ɗauki kansu suna gwajin wata rawa a bayan gidan jagoransu, Damian Kulash. Yayarsa, Trish Sie, ita ce ta tsara rawar. An ruwaito cewa abin da suka kashe bai kai dala 30 ba. Faifan, na waƙar A Million Ways, ya bazu daga hannu zuwa hannu ta intanet har miliyoyin mutane suka kalle shi.

Wannan ne ya ba su ƙwarin gwiwar sake gwadawa da waƙar Here It Goes Again. Suka jera injunan gudu na motsa jiki guda takwas a gidan Trish Sie, suka shafe kwanaki suna atisaye, suna tsallakawa daga wannan inji zuwa wancan daidai da kiɗan. Sau 17 suka gwada ɗauka kafin su zaɓi guda. An saka faifan a YouTube a ƙarshen watan Yulin 2006, watanni kaɗan kafin kamfanin Google ya sayi shafin a kan dala biliyan 1 da miliyan 650.

Inda ake rage kuɗi

Abubuwan da suka fi cin kuɗi a aikin bidiyo su ne hayar wurin ɗauka, da fitilu, da kyamarori, da ladan ma'aikata na kowace rana, sai kuma tace hoto bayan an gama. Dabarar OK Go ta zaftare kusan dukkansu a lokaci guda.

Idan aka kafa kyamara ɗaya a waje ɗaya, aka ɗauki waƙa daga farko har ƙarshe ba tare da yankewa ba, to babu buƙatar masu riƙe kyamara da yawa, kuma aikin tacewa kusan ya kau. Sauti ma ba ya buƙatar wasu kayan aiki a wurin, domin akan kunna waƙar da aka riga aka naɗa a sutudiyo ne, mawaƙa su riƙa bin ta da baki, daga baya a ɗora ainihin sautin a kan hoton.

Amma abin da aka rage na kuɗi ana biyansa da lokaci. Kuskure ɗaya a daƙiƙar ƙarshe na nufin a koma farko, shi ya sa atisaye ke ɗaukar kwanaki. Kazalika, tunda babu ƙawa da za ta riƙe idon mai kallo, dole ne a zo da wata fikira da za ta sa shi ya kalla har ƙarshe, ya kuma aika wa abokinsa.

Sauƙin kayan aiki ya ƙara buɗe ƙofa. A 2008 kamfanin Canon ya fitar da kyamarar 5D Mark II, wadda ke ɗaukar bidiyo mai inganci a farashin da ya yi ƙasa ƙwarai da na kyamarorin fim, kuma daga baya wayoyin salula suka bi sahu. Bidiyon Thrift Shop na Macklemore da Ryan Lewis, waɗanda ba sa ƙarƙashin yarjejeniyar wani babban kamfani, an ruwaito ya ci dala dubu 5 a 2012, kuma waƙar ta hau matsayi na ɗaya a jerin Billboard na Amurka a 2013.

Wa ya mallaki faifan?

Arhar ɗauka ba ta warware batun mallaka ba. Duk wanda ya mallaki sautin waƙa, shi ke da ikon cewa ga inda za a nuna bidiyonta, ko da kuwa mawaƙin ne ya ɗauka da kuɗin aljihunsa.

OK Go sun ɗanɗana wannan. Bayan da manyan kamfanoni suka cimma yarjejeniyar rabon kuɗin talla da YouTube, EMI ya hana a riƙa ɗora bidiyoyinsa a wasu shafuka na daban, saboda kallon da aka yi a cikin YouTube ɗin kansa ne ke kawo kuɗi. A wata maƙala da ya rubuta a jaridar New York Times a watan Fabrairun 2010, Kulash ya ce matakin ya rage masu kallon bidiyon injunan gudu da kashi 90 cikin 100, daga kimanin dubu 10 a rana zuwa dubu ɗaya da 'yan kai.

A watan Maris na wannan shekara rukunin ya raba gari da EMI, ya kafa nasa kamfanin mai suna Paracadute.

Kuɗin shiga

Yawan masu kallo ba lalle ne ya zama yawan masu saye ba. Duk da shaharar da bidiyon Here It Goes Again ya yi, waƙar ba ta wuce matsayi na 38 ba a jerin Billboard.

Kuɗin talla na YouTube ma yana da sharuɗɗa. A 2018 shafin ya gindaya cewa sai tasha ta tara mabiya dubu ɗaya da sa'o'in kallo dubu 4 cikin watanni 12 kafin ta fara samun rabo. Haka nan abin da masu talla ke biya ya danganta ne da ƙasar da masu kallo suke, lamarin da ya sa mawaƙan Hausa da ke ɗora waƙoƙinsu daga Kano ko Kaduna ko Yamai ke samun ƙasa da abin da takwarorinsu na Amurka ke samu a kan adadin kallo iri ɗaya, matuƙar akasarin masu kallon nasu a gida suke.

Su kuwa OK Go, kamfanonin kasuwanci suka koma wa domin ɗaukar nauyi. Kamfanin inshora na State Farm ne ya tallafa wa bidiyon This Too Shall Pass a 2010, Chevrolet ya ɗauki nauyin wani a 2012, Honda a 2014. A 2016 kuma kamfanin jiragen sama na S7 na Rasha ya taimaka musu suka ɗauki bidiyo a cikin jirgin da ke hawa da sauka ta yadda jikin mutum ke rasa nauyi na ɗan lokaci.

Waɗannan ayyuka na baya ba masu arha ba ne, kuma wasu na ganin mawaƙin da ya bar kamfanin faya-fayai ya rungumi kamfanin mota ya sauya ubangida ne kawai. Bambancin da ke akwai shi ne, mai ɗaukar nauyi talla yake saye, yayin da mallakar waƙa da bidiyo ke zama a hannun waɗanda suka ƙirƙire su. Kuma faifan da aka ɗauka a bayan gida a 2005 shi ne mafarin sunan da ya sa waɗannan kamfanoni suka yarda su zuba kuɗinsu.