Gona ko Kuɗin Mota: Lissafin Mai Shirin Barin Ƙasa a Arewacin Zamfara

Tafiya ba baƙuwa ba ce a Ƙauran Namoda. Tun 1929 da layin dogo ya iso garin daga Zariya ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya nan bai wuce ba, samarin yankin ke fita cin rani da zarar an kai amfanin gona gida, su dawo kafin ruwan shuka. Abin da ya riƙe wannan tsari shi ne gona. Ɗan cin rani yana da wurin komawa, shi ya sa ko kasuwa ta juya masa baya a Ibadan ko Ikko, asararsa ba ta wuce ta rani guda.

Yau gonar ce ta shiga hatsari. A ƙauyuka da yawa na Zurmi da Shinkafi, manomi sai ya biya 'yan bindiga haraji kafin ya yi shuka, ya sake biya kafin ya girbe, kuma biyan bai hana a ɗauke shi a nemi kuɗin fansa. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara, an rufe kasuwannin mako, ciki har da ta Shinkafi mai ci ranar Alhamis, wadda fatake ke zuwa daga nesa. An yi haka don a matse 'yan daji, amma talaka ya sha matsin tare da su. Sai ga cire tallafin fetur a Mayun 2023 da faɗuwar naira. Wanda ya ce ƙasar ta ishe shi ba raki yake yi ba.

Masu fita iri biyu ne, kuma zalunci ne a auna su da mudu ɗaya. Akwai waɗanda aka ƙone wa rumbuna suka fita da kayan jikinsu. Tun 2019 dubban irinsu daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi ta Nijar, musamman yankin Gidan Runji, hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsugunar da wasu a Garin Kaka da Cadakori. Waɗannan ba shawara suka yanke ba, da ransu suka gudu, kuma babu mai bakin yi musu wa'azin kishin ƙasa.

Na biyun shi ne saurayin da ke cikin gari, wataƙila da difilomarsa ta kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Ƙaura, yana kabu-kabu da babur ɗin wani, yana ganin hoton abokinsa daga Libiya ko Saudiyya a waya. Lissafinsa ba na wauta ba ne: a 2024 jaka ɗaya ta sefa ta haura naira dubu biyu, balle riyal. Matsalar ita ce rabin lissafin kawai yake gani, domin wanda ya dace shi ke turo hoto.

Ga ɗaya rabin. Hanyar arewa ta bi Agadas ne, daga nan ko dai Dirku zuwa Sabha a Libiya, ko Arlit zuwa Tamanrasat a Aljeriya. A Nuwamban 2023 gwamnatin sojan Nijar ta soke dokar 2015 da ta haramta jigilar baƙin haure, motoci suka koma lodi a fili. Amma soke doka bai ƙara rijiya ko ɗaya a Sahara ba. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwaki 92 kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara daga yankin Kance na Damagaram, Hausawa 'yan uwanmu, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Wanda ya tsallake kuwa, Aljeriya na kwaso marasa takarda ta zube su a hamada, su taka kusan kilomita 15 zuwa Asamaka. Ita ma mai bin ejan ta shiga Saudiyya da bizar Umara ta maƙale tana aikatau, ba ta da inda za ta kai ƙara idan an hana ta albashi, tunda ba ta da iƙama.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne inda kuɗin tafiyar ke fitowa. Sau da yawa gonar gado ake sayarwa, kuma a arha, don babu mai sayen gonar da ba a iya zuwa da daraja. Idan tafiyar ta watse, mutum ya dawo ba kuɗi, ba gona, ga kunyar 'yan uwan da aka cinye rabonsu. Nan ne maganar "kowa ya bar gida, gida ya bar shi" ke tabbata. Hatta waɗanda suka zauna lafiya a waje ba su da tabbas: a 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana, cikinsu har da Hausawan zango, a Afrilun 2023 kuma yaƙi ya koro ɗalibanmu daga Sudan.

Ban ce kada a tafi ba. Wanda ke da fasfo da bizar aiki ta gaskiya, da sana'a a hannu, da wani nasa da ya san muryarsa a can, ya tafi, Allah ya ba da sa'a. Amma ya bar gonar a matsayin aro a hannun ɗan uwa, ko da bana ba ta nomuwa. Idan ejan ya ce sai an sayar da ita kafin a tashi, wannan tafiyar ta fi ƙarfin gidan.

Su kuma hukumomi a Gusau da Abuja da ke kiran matasa su zauna su gina ƙasa, aikin da zai tsayar da su sananne ne: mota ta tashi daga Ƙaura ta isa Shinkafi ba rakiyar soja, manomin Zurmi ya girbe geronsa ba tare da ya biya kowa a daji ba.