Waya ma aike ce

Babu uwar da za ta danƙa wa ɗan shekara shida kuɗin cefane ta ce ya tafi Kasuwar Kurmi. Aike hawa-hawa ne. Da maƙwabta ake farawa: "Je ka gidan Inna ka ce ta ara mini rariya." Sai shagon bakin layi, da kuɗi cif-cif a dunƙule a hannu, uwa na leƙensa daga zaure. Can gaba a ba shi kuɗin da zai dawo da canji, a ƙirga a gabansa. Ran da ya sayo manja maimakon man gyaɗa, ba mayafi take ɗauka ta fita da kanta ba, shi take korawa ya canzo, ko da yana ƙunƙuni. Kafin ya isa shiga kasuwa ya iya tayi, ya kuma san inda ake ɓoye kuɗi saboda 'yan sane.

Da an zo kan makaranta sai mu watsar da wannan dabarar. Yaro ya yi barci bai yi aikin gida ba, sai yayarsa ta rubuta masa da asuba don kada malam ya dake shi. A haɗa masa jaka, a nemo masa safa, a bi shi da littafin da ya manta. Gata ne, amma jarrabawar JAMB tun 2015 a kwamfuta ake yin ta, kuma shi kaɗai zai zauna gaban allon. Gara ya sha faɗan malam tun yana aji huɗu na firamare.

A kan waya kuwa akasin haka muke yi. Yaro ya gama ƙaramar sakandare, uba ya biya kasuwar waya ta Farm Centre ya sayo babbar waya, ya miƙa masa da "a dai kula". An tura shi kasuwa ke nan a aiken farko, kasuwar da ba ta tashi, mai cike da 'yan damfara da masu tallan caca da batsa. Kamfanonin sadarwa kuma datar tsakar dare suke sayarwa da araha, alhali matashi yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10. Shi ya sa yake gyangyaɗi a aji.

Wasu iyayen sun ce a hana gaba ɗaya. Ostareliya ma a 2024 ta yi dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 buɗe shafukan sada zumunta. A gida dai hani kaɗai bai isa ba, don wanda aka hana zai ari ta abokinsa inda babu mai ganinsa.

A fara da ƙaramar waya ta kira, ko wayar uwa a tsakar gida. Facebook da TikTok da kansu shekara 13 suka gindaya, kada a taya yaro ƙaryar shekaru. Idan babbar ta zo, manhajar Family Link ta Google tana ba iyaye damar ƙayyade lokaci da amincewa da abin da za a sauke. Bayan isha'i waya ta kwana a ɗakin iyaye. Tambayar "me ka gani yau?" ita ce ƙirga canji, a yi ta ba da tsawa ba. Wanda ya riƙe amana a ƙara masa lokaci, wanda ya saɓa a rage.

Iyaye maza, wannan aikin ba na uwa kaɗai ba ne. Ku da kuka sayo wayar, ku zauna da yaron ku tsara ƙa'idarta tun kafin a sa mata layi.